Wayoyin Shiru-shiru

Talata, da hantsi

An ce in daina kiran mutane ina tambaya, wai ƙara musu zafi nake. To na daina. Na ɗauko tsohon littafin lissafin Aku na firamare, na juya shi ta baya, zan riƙa tambayar takarda. Ita dai ba za ta ce mini "Kaka ki yi haƙuri" ba. Rubutuna na makarantar manya ne, wanda ya tsinta ya ga kamar kaji sun bi ta kai, shi ya jiyo.

Jikoki biyu gare ni a gidan nan, 'ya'yan 'yata. Babban shi ne mijina, Aku. Ni na raɗa masa, don tun yana rarrafe bakinsa bai huta ba, ko barci yake sai ya yi gardama da filo. Shi ke tuƙa ƙaramin jirgi mai kujera shida, ya kai magani da likitoci inda mota ke shan wuya, ya dawo da marasa lafiya. Ƙanwarsa kuma Shiru-shiru, ita ma ni na raɗa mata. Kamfaninsu ɗaya. Shi yana sama yana zuba, ita tana ƙasa a rumfar jirage, kanta a ƙarƙashin allon matuƙi tana haɗa wayoyi.

Shekaranjiya ya tashi da safe. Bai dawo ba. Jiya da yamma aka same shi. Yana da rai. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Talata, bayan la'asar

Yana da rai. Na sake rubutawa don in gani da idona.

Laraba, da safe

Wayar hannuna ce ta fara gaya mini, ban gane ba. Shiru-shiru ta sa mini wani abu a ciki, in na taɓa sai in ga jirgin Aku kamar 'yar fara tana tafiya a kan taswira. Da shi nake tsaron mijina. Yana sauka zan kira shi, "Na ga ka yi kwana a kan wani gari, wace ce a can?" Ya ce, "Tsohuwa, hadari na kauce wa." In ce, "Hadari mai jan baki ko?"

Ran Lahadi ina tsince shinkafa, farar ta kai tsakanin duwatsu, ta tsaya, ta ɓace. Na buga wayar a tafin hannuna, na zagi masu layi, na ci gaba da tsintata. Shinkafar tana nan a tire har yanzu. Na kasa dafawa, na kasa zubarwa.

Farar nan aikin Shiru-shiru ce. Ta taɓa yi mini bayani, na mayar da shi yadda kaina zai ɗauka. Akwatuna ne a bayan allon matuƙi. Ɗaya ya san inda jirgi yake, don yana sauraron taurarin ɗan'adam. Ɗaya ya san nisansa da ƙasa. Ɗaya ɗan rahoto ne, yana kai wa mutanen ƙasa labari. Shi kuma allon ya tattara zancensu ya zana wa matuƙi hanya da duwatsu, ko da yana cikin gajimaren da ba ya ganin hancinsa. Aikinta ta haɗa bakin wannan da kunnen wancan da waya, sannan ta shiga kwamfuta ta daidaita su, kada ɗaya ya riƙa zuba da gudu ɗaya yana saurare a hankali. Na ce, "Au, ashe duk karatun nan na haɗa gulma ne? Ai da kin zo na koya miki kyauta."

Ta yi dariya ranar, har da riƙe ciki.

Kwanan baya ta sa sababbin akwatuna a jiragen kamfanin. Jirage biyu ne. Duka biyun ta yi.

Alhamis, bayan azahar

Uwarsu ta tafi wajensa. Ƙaramin asibiti ne a garin da ya fi kusa da inda aka same shi, sai ta yi mota ta yi kwalekwale, don ruwa ya cinye gada. Tana zuge jakarta Shiru-shiru ta fito da tata jakar. Uwar ta dube ta ta ce, "Ina za ki?" Sai ta ƙara wata magana a bakin ƙofa. Ni na haife ta, na san tsoro ne ya yi magana da bakinta. Amma maganar ta fita, kunne kuma ya ji.

Na bi ta har titi ba takalmi. Na gaya mata abin da ban gaya mata ba tun tana budurwa. Ta shiga mota tana kuka, na dawo ina haki. Jakar yarinyar tana nan tsakar falo, kowa na zagaye ta. Kowa ɗin ma ni ce.

Juma'a, da yamma

"Hannun wa ne na ƙarshe a jikin jirgin?"

Abin da uwarsu ta ce wa yarinyar a bakin ƙofa ke nan. Na rubuta ko zai fita daga kaina. Bai fita ba.

Asabar, da hantsi

Mutum biyu sun zo daga hukumar jirage. Masu ladabi, har da cire takalmi. Na ba su shayi, na ce wa ƙaramin, "Kai da wannan siririn wuyan za ka binciki jikata? Sha da madara tukuna." Ya yi murmushi bai ɗago ba. Suka karɓi kwamfutarta da katin da ke ba ta izinin sa hannu a aikin jirgi. Wai ba zargi ba ne, ƙa'ida ce. Ta miƙa musu da hannu biyu kamar mai biyan bashin gaisuwa, ta koma ɗaki ta tura ƙofa.

Lahadi

Ba ta ci ba.

Litinin, da magariba

Na kai mata abinci na ce, "Ki ci gaba da zama da yunwa, in kin sheƙa mijin ya zama nawa ni kaɗai, dama kin dame mu." Da can sai ta ce, "Riƙe abinki, wa zai iya da surutunsa." Yau ta dube ni kawai. Na kwashe kwanon na fito.

Ban saba wasana ya faɗi ƙasa ba.

Talata, bayan azahar

Uwarsu ta kira, ta kara masa wayar a kunne. Na shirya masa zagi tun safe. Na ce, "Kai, mijin banza, ka tafi yawo ka bar ni ba cefane."

Ya ce, "Kaka."

Na ce, "Na'am, ina jin ka."

Ya ce, "Lafiya lau."

Shi ke nan. Aku fa. Yaron da in ya kira ni sai wayar ta yi zafi na canja kunne. Na jira ya ce ina Auta, don haka yake kiran ƙanwarsa. Ina ganin ƙafafunta ta ƙasan labule, tana tsaye tana ji. Bai ce ba. Uwar ta karɓa ta ce an shiga da shi tiyata tun ran Asabar, an fito. Na ce, "Ƙafar fa?" Ta ce ruwa ake yi can, layin ba kyau.

Ni ban ji ƙarar ruwa ba.

Laraba

Na wanke takalmansa na shanya. Duka biyun. Na ce duka biyun.

Juma'a, da la'asar

Babban Makaniki ya zo, shugabanta a rumfa, dattijo mai furfura da warin man inji. Ya durƙusa ya ce, "Mama, barka da gida." Na ce, "Wace mama? Kai da ka kusa girme ni." Bai iya dariyar ba.

Ga abin da ya kawo shi. Likitan can ya ce bayan Aku na buƙatar babban asibiti, kuma ba zai jure girgizar mota ba, balle kwalekwale. Filin garin ɗan guntu ne, manyan jirage ba sa sauka. Jirgin da zai iya shi ne na biyun nan nasu, shi kuma hukuma ta ɗaure shi a ƙasa, tunda aikin da aka yi wa wancan shi aka yi masa. Sun yarda a sake shi in an buɗe aikin kaf an duba a gaban mutuminsu.

Ya ɗaga murya don ta ji ta bayan ƙofa. "Injiniya, ke za ki buɗe, ni zan bi bayanki, ni zan sa hannu. Ni injina na sani. Wayoyin nan ba wanda ya san su kamarki. In na ce zan bi su ni kaɗai sai wata ya mutu."

Muka yi ta jira. Can ta ce, "Baba, ba zan ƙara taɓa jirgi ba."

Ya zauna ya zauna, shayinsa ya huce, ya tafi.

Asabar, da yamma

Yau na yi abin kunya kuma ban ji kunya ba. Da sassafe na yi wanka na yafa mayafina mai kyau, na buɗe durowar kicin da ƙarfi yadda za ta ji. Na ɗauki sukudireba, filaya, da wuƙar yankan albasa, na zuba a jaka suna ƙara. Ta leƙo.

"Kaka ina za ki?"

"Gyaran jirgi."

"Kaka don Allah."

"Ba wayoyi ba ne? Ni na gyara fankar ɗakina da ta mutu. Ja da ja, baƙi da baƙi. In ya ƙi in mare shi. Mijina na kwance, ba zan zauna ina kallon ƙofa ba."

Na fita. Ban waiwaya ba, gabana na faɗuwa, don ban ma san motar da ake shiga ba. Na kai wajen mai sayar da burodi sai na ji takunta a bayana. Ta karɓi jakar ta leƙa ta ce, "Wuƙar albasa?" Na ce, "Ta fiɗar waya ce." Ba ta yi dariya ba. Amma ita ta tsayar da mota.

Lahadi, da magariba

Rumfar ta fi masallacin unguwa girma. Wuri biyu aka zana da fenti a ƙasa. Ɗaya da jirgi, ɗaya ba komai sai ɗigon mai. Na juya kujerata na ba wancan baya.

Yau na ga yadda take aiki. Tana shiga ta kori kowa daga kusa, ta sa makanikai suka kashe rediyonsu na waƙa, ta ce ko tari a fita waje a yi. Ashe haka take tun da, sun saba, har suna tafiya da sanɗa. Ta cire kujerar gefe, ta kwanta rigingine, kai a ƙarƙashin allo, tocila a baki, ƙafafu a waje. Wayoyin farare ne sirara, sun fi gashin kaina yawa, kowace da 'yar lambarta. Tana taɓa wannan bakin da tsinke, Babban Makaniki na taɓa wancan, wata 'yar na'ura ta ce ƙiiit. Ta ce, "Baki zuwa kunne." Ya ce, "Ya yi." Mai siririn wuya na zaune a kan durom yana rubutawa. Haka suka wuni. Ƙiiit. Ya yi. Ƙiiit. Ya yi. Duk ƙiiit ɗaya sai na saki numfashi.

Litinin, bayan la'asar

Zafi ya kore ni ofis. Akwai wata mata a can, Mai Rediyo suke ce mata, ita ke magana da matuƙan kamfanin in suna sama. Ta haɗa mini shayi, ta zauna, sai hawaye. Ita ce ta ji muryar Aku ƙarshe. Ta ce gajimare ya rufe shi tsakanin duwatsu, yana ta kira, "Allona yana ɗaukewa. Ya dawo. Ya sake ɗaukewa." Ta ce, "Mama, ni kuwa ina ta ce masa ci gaba da magana, kada ka yi shiru, ina tare da kai. Ya yi ta magana, ya yi ta magana, har ya daina."

Na ce, "Ai ko ba ki ce ba, wannan ba ya shiru." Na shafa bayanta. 

Yau kwamfuta suka jona wa jirgin. Shiru-shiru ta nuna wa mai siririn wuya lambobi, na wannan akwati da na wancan, saurin maganarsu ɗaya, yarensu ɗaya. Ya gyaɗa kai.

Talata, da magariba

Ba su sami komai ba. Ko waya ɗaya. Babban Makaniki ya ce, "Injiniya, aikinki tsaf yake." Na ga fuskarta ta saki, kamar an kwance mata ɗaurin kai. Ba wanda ya faɗa, amma kowa ya yi lissafin: in wannan lafiya yake, to wancan ma ba hannunta ba ne. Gobe da safe za a tafi ɗauko shi.

Aka turo jirgin bakin rumfa, allo a kunne. Na ce ni fa ba zan yi kwana uku ina gadin jirgi ban hau ba. Suka cicciɓe ni kamar buhu suka ɗora a kujerar matuƙi, wani ya kifa mini abin ji a kunne. Shiru-shiru ta koma ƙasan allo tana ɗaure ragowar wayoyi, ta ce, "Kaka kada ki taɓa komai." Na ce, "Ni? Allah ya kiyaye."

Akwai wani ɗan maɓalli a jikin sitiyarin, daidai babban yatsa. Na sha ganin Aku a hoto yatsansa a kai. Na danna na ce, "Salamu alaikum mutanen sama, wa ya ga mijina?"

Sai muryar Mai Rediyo a kunnena, "Wa alaikumus salam, Kyaftin Mama, gobe za a kawo miki shi." Na sake dannawa na ce, "A gaya masa ya taho da tsaraba." Rumfa ta kwashe da dariya, ta farko tun da na zo. Daga ƙasa Shiru-shiru ta daki ƙafata, "Kaka cire hannunki!" Da dariya a muryarta.

Ta ci abinci yau. Ta ƙara. Yanzu haka tana wanke-wanke tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

Talata, bayan isha'i

Ban rubuta duka ba.

Da na danna, allon ya yi wani abu. Jan zane biyu a gicciye suka fito a kai, irin wanda malami ke ja wa yaron da ya faɗi lissafi, lambobin suka ɓace. Da na saki, komai ya dawo. Na biyun ma haka. Kowa na waje yana dariya, ita kanta na ƙasa. Ni kaɗai na gani.

Wataƙila haka yake yi. Wataƙila ni na ɓata, an ce kada in taɓa. In ni ce da sauƙi, a yi mini faɗa a gyara.

Amma maganar Mai Rediyo ta ƙi barina. Yana ɗaukewa, ya dawo, ya sake ɗaukewa.

Ni ba injiniya ba ce. Idona ma ba kyau, likita ya faɗa. Tsohuwa ce da ta yi wasa da abin da ba nata ba. Yarinyar nan yau ta fara cin abinci.

Matuƙin da zai tafi gobe na gan shi, ya nuna mini hoton 'yan biyunsa. Kuma a dawowa Aku na ciki.

Tana waƙa har yanzu.

Laraba, bayan azahar

Da asuba na same ta a kicin tana zuba shayi a fulas. Na ce, "Ƙawata, allon nan in ana magana yakan yi ja ne?"

Ta ce, "Wane ja?"

Na zana mata da yatsa a kan tebur. Ta ajiye butar a hankali.

"Yaushe?"

"Da na danna abin nan."

"Duk lokacin da kika danna?"

"Kin san idona, jiya ma na gaishe da durom na zaci mutum ne."

"Kaka."

Na ce, "Duk lokacin."

Muka kama hanya har rumfa. Matuƙin na zagaya jirgi, nas ta iso da kayanta, an cire kujeru an sa gado. Ta wuce su ta hau, ta kunna allo, ta danna maɓallin. Ba ta ce komai a ciki ba, dannawa kawai. Ja. Ta saki. Ta danna. Ja. Ina tsaye a ƙasa ina kallon ƙeyarta. Da a ce ta sauko ta ce ba ta ga komai ba, wallahi da na rufa mata, Allah ya yafe mini. Sai ta leƙo ta ce, "Baba, zo. Ka taho da mutumin hukuma."

Ta nuna musu da hannunta. Sannan ta kwanta ta warware ɗaurin da ta yi jiya, ta yanke wata baƙar roba, ta jawo waya ɗaya zuwa haske. Ashe kowace waya tana da riga ta saƙar ƙarfe, wadda ke kare zancen akwatuna daga hayaniya, kuma dole a ɗaure jelar rigar a jikin jirgi. Wannan jelar tana nan a naɗe cikin roba, ba a ɗaure ta ko'ina ba. In an yi shiru akwatuna na jin juna sarai. Da matuƙi ya danna rediyo, ƙarfinsa sai ya toshe musu kunne.

Ta ce, "Ban taɓa gwadawa ana magana ba. Ina korar kowa, ina kashe komai." 

Babban Makaniki ya ce, "Ni ma na bi bayanki ban danna ba." Mai siririn wuya ya ce, "Ina zaune ni ma." Ya ce ba wanda zai iya cewa haka wancan jirgin yake sai an kwaso shi daga duwatsu an buɗe, kuma hadarin ranar ma abin dubawa ne, zai ɗauki watanni. Ta ce, "Rana ɗaya na yi su, da hannu ɗaya. Rubuta haka." Ya dube ta, ya rubuta.

An ɗaga tafiya sai gobe.

Laraba, da magariba

Uwarsu ta kira tana faɗa, me ya hana jirgi zuwa, yaro na kwance tun asuba an shirya shi. Na fara kame-kame, wai iska ce, wai mai ne. Shiru-shiru ta zare wayar daga hannuna. Ta gaya mata komai, tiryan-tiryan, kamar mai karanta takarda. Ta ce, "Umma ki faɗa wa Yaya. Kada ya hau bai sani ba. In ya ce ba zai shiga jirgin da na taɓa ba, a faɗa mini yau."

Ban ji abin da uwar ta ce ba. 

Ba a sake kira ba.

Alhamis, da hantsi

Jiya da ta gama gyaran, ta buɗe sauran wayoyin duka ta duba rigunansu, sannan ta ce tana son wanda zai yi ta magana a rediyo ba tsayawa tana kallon allo. Duk rumfa suka juyo suka dube ni. Na ce, "Au, yau kuma surutuna ya yi rana?"

Aka sake ɗora ni a kujerar matuƙi. Na danna na ba Mai Rediyo labarin yadda kakansu ya zo zance wajena da aron keke, birki ya tsinke ya wuce ni ya faɗa kwata. Na ba da na akuyar da ta cinye takardar jarrabawar Aku, wadda har gobe ban yarda akuya ce ba. Na danna, na saki, na danna. Makogwarona ya bushe, ban san me nake faɗa ba, idona na kan allon nan. Ita ma. Aka tayar da inji aka sake. Matuƙin ya tashi da shi ya zaga sama yana ta magana, ya sauko ya ɗaga mana babban yatsa. Ja bai fito ba.

Babban Makaniki ya sa hannu. Katinta kuwa an ce zai daɗe bai dawo ba, in ma zai dawo.

Yau da safe ta ce za ta bi su. Ba wanda ya kira ta, ba wanda ya hana ta. Ta ɗauki jakar nan ta tsakar falo yadda take. Sun tashi. Na kife wayata a kan teburin Mai Rediyo na ɗora kofi a kai.

Alhamis, da yamma

Sun sauka bayan la'asar. Motar asibiti na jira da baya. Uwarsu ta fara fitowa, ta rame, ta rungume ni. Matuƙin ya raɗa mini cewa tun daga can har nan yaron bai buɗe baki ba. An shigo da shi ya ga ƙanwarsa a kujerar baya, ya rufe ido.

Aka sauko da gadon. Bargon ya tashi a dama. A hagu, daga gwiwa, a kwance yake shafal.

To. Na rubuta.

Na matsa na ce, "Kai, haka ake yi? Ina tsarabata?" Ya buɗe ido ya dube ni. Leɓensa duk sun fashe. Ya ce, "Tsohuwa, mijin naki ya ragu. Ko za ki mayar?" Na ce, "Wa zai karɓa? Dama can da yawa ka yi mini." Na gyara masa bargo don kada ya ga fuskata.

Nas na neman hannun da zai riƙe ledar ƙarin ruwa kafin a kai mota, ta miƙa wa wadda ke kusa. Shiru-shiru ce. Ta riƙe a daidai ƙirjinta tana bin gadon, kanta a ƙasa, kamar mai bin gawa. Ba wanda ya dube ta. Masu turawa suka tsaya buɗe ƙofa. Wurin ya yi tsit, sai injin jirgi da ke hucewa yana ƙas-ƙas.

Bai juya kansa ba. Sama yake kallo. Ya ce, "Auta, ɗaga hannunki mana. Ruwan ba ya sauka."

Ta ɗaga.

Uwarsu na zaune a cikin motar, ta ja jakarta gefe ta matsa. Yarinyar ta hau a sunkuye. Har aka rufe ƙofa hannunta na sama.